Asibitin sha-ka-tafi na garinmu: yadda suka gano Lassa a jikin ƙanena tun ba a ga jini ba

Jama'a assalamu alaikum. Yau dai na ce sai na zauna na rubuta ra'ayina a kan ƙaramin asibitin garinmu, irin wanda muke ce wa sha-ka-tafi, a nan yankin Gwaram ta Jigawa can wajen iyakarmu da Bauchi. Ba zan kama sunan garin ko na ma'aikatan ba, don maganata akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma mutane ne da kullum muna tare a masallaci da kasuwa. Amma in maki goma ake bayarwa, ni ma'aikatan zan ba su tara, gini da kayan aiki kuma huɗu ma da ƙyar, kuma zan faɗi dalilina ɗaya bayan ɗaya.

Wurin ba wani babba ba ne. Ɗakin kati da magani, ɗakin da ake duba marasa lafiya, ɗakin haihuwa, sai ɗakin kwanciya mai gadaje kaɗan, da baranda inda mata ke zama ranar awo da ranar rigakafi. Ma'aikata kuwa akwai inchaji wanda kowa ke ce wa Dakta, akwai Sista mai karɓar haihuwa, da wani matashi mai gwaji, da dattijo mai gadi wanda shi ne mai shara shi ne mai ɗebo ruwa. Kuɗin kati ba shi da yawa, magani in akwai a ba ka in babu a rubuta maka ka nemo. Wannan kam duk wanda ya tashi a ƙauye ya san irinsa.

Abin da ya sa ni rubutun nan jinyar ƙanena ce a hunturun da ya wuce. Yaro ne majiyi ƙarfi, duk shekara in an gama girbi a gida yakan tsallaka Bauchi aikin casar shinkafa da masara, su kwana a bukka cikin gona ko a shagon da ake tara buhuna. Ya dawo lafiya ƙalau har da tsarabarsa, aka yi wajen mako biyu ba abin da ke damunsa, sai wata rana ya ce jikinsa ba ƙwari, kasala ce kawai, ya kasa fita fadama. Washegari zazzaɓi, amma ba irin mai kaɗa mutum lokaci guda ba, a hankali yake hawa, da safe ya ɗan lafa da yamma ya dawo. Kowa ya ce maleriya ce ko sanyin hunturu, aka sayo magani a kemis kamar yadda aka saba, ya shanye, shiru. Sai ciwon kai ya shigo, sai ciwon baya da gaɓoɓi, sai kuma maƙogwaro wanda shi ne ya fi ba shi wuya, ko kunu ba ya haɗiyewa sai ya runtse ido, yana cewa Yaya kamar garwashi aka ajiye min a wuya. Yana kuma dafe tsakiyar ƙirjinsa yana cewa can ciki bayan ƙashin ke masa ciwo.

Da muka kai shi aka tsaga yatsa aka yi gwajin maleriya, kuma gwajin ya nuna akwai. To a nan ne na fara ganin bambancin mutumin nan da wasu, domin da yawa da sun ga layi biyu ɗin nan shi kenan magana ta ƙare. Shi ko Dakta cewa ya yi, Malam gwaji ya nuna maleriya kuma zan ba shi maganinta, amma ka sani a ƙasar nan mutum zai iya yawo da ƙwayar maleriya a jininsa alhali wani abu daban ne ya kwantar da shi, in kwana biyu zuwa uku zazzaɓin nan bai sauka ba kar ku koma kemis, kar ku kira mai allura gida, ku dawo min. Ya maimaita wa Innarmu ita ma, ya ce Inna don Allah ban da ƙare-ƙaren magani.

Zazzaɓi bai sauka ba, sai ma amai da ya ƙaru da gudawa da ciwon ciki. Da muka koma wlh tambayoyin da ya jera mana sun fi gwajin yawa. Ina ya je, yaushe ya dawo, a ina yake kwana a can, akwai ɓeraye, abincinsu a rufe yake kwana ko a buɗe, cikin abokan aikinsa akwai wanda ya kwanta ko ya rasu, ya je jana'iza ya taɓa gawa, wa ke wanke masa kaya a gida. Yaron ya ce ɓeraye kam har kan ƙafarsu suke bi da dare, garin kwakinsu ma sai sun tsince kashin ɓera kafin su jiƙa. Dakta ya sa safar hannu da takunkumi, ya kunna fitilar wayarsa ya ce buɗe baki, na leƙa ni ma daga nesa, can cikin maƙogwaron ya yi jajir da wasu fararen tabo a jiki. Ya duba idonsa, sun kaɗa sun yi ja. Ya ce min kalli fuskarsa da kyau, haka take da? Sai a lokacin na lura fatar idonsa da kumatunsa sun ɗan tasa, mu da muke tare da shi kullum mun ɗauka kwanciya ce. Ya sa aka kawo fitsari a ɗan kwalba, mai gwaji ya tsoma wani ɗan tsinken takarda, launi ya canza, ya ce sinadarin furotin na fita a fitsarin, alama ce ƙoda ta fara taɓuwa.

Daga nan bai yi wata-wata ba. Ya fitar da kowa daga ɗakin kwanciya, ya mayar da wata mata mai ƙarin ruwa ɗakin Sista, ya bar ƙanena shi kaɗai da bokitinsa da kofinsa, ya haɗa ruwan kulorin a bakin ƙofa ya ce duk wanda ya taɓa shi yau ya wanke hannu da sabulu sannan da wannan. Sai ya fita baranda ya buga wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma waya. Sannan ya ja ni gefe, ƙarƙashin dalbejiya, ya ce Malam ina zargin Lassa.

Gaskiya na yi masa gardama, na ce Dakta ai Lassa jini ake zubarwa ta hanci ta baki, yaron nan ko ɗigo ban gani ba. Amsar da ya ba ni ita ce babban dalilin da ya sa nake son kowa ya karanta rubutun nan. Ya ce Malam in ka jira jini ka makara, mafi yawan masu Lassa ba sa zubar da jinin da za a gani a fili, waɗanda suke zubarwa kuma sai ciwo ya yi nisa. Ya zauna ya warware min tafiyar cutar tun daga farko, ni kuma daga baya na bi bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya da na NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, na tarar abin da ya faɗa haka yake. Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta yi shiru tsawon kwana 2 zuwa 21 kafin a ga komai, shi ya sa mutum zai dawo daga tafiya garau sai daga baya ya kwanta har a manta ma ya yi tafiya. Cikin mutum 100 da suka kamu wajen 80 ba sa jin komai ko kuma ɗan zazzaɓi ne ya wuce, amma ɗaya cikin biyar ita ke kwantar da shi sosai, ta taɓa hanta da saifa da ƙoda. Makon farko zazzaɓi ne da kasala, bayan kwanaki kaɗan ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ciwon jiki, ciwon ƙirji, tashin zuciya, amai, gudawa, tari, ciwon ciki, wato duk abin da za ka rantse maleriya ce ko taifot. A mako na biyu hanya ke rabuwa, wani zazzaɓin ya fara sauka ya kama hanyar warkewa, wani kuma fuska da wuya su kumbura, ruwa ya taru a ƙirji numfashi ya yi wuya, bugun jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu, a nan ne za a iya ganin jini a dasashi ko hanci ko bayan gida ko gaban mace ko inda aka yi allura, daga nan sai karkarwa, ruɗewa, jijjiga, suma. Waɗanda ajali ya riska galibi cikin kwana 14 da fara ciwon ne. In aka haɗa duk masu kamuwa mutum 1 cikin 100 ke rasuwa, amma cikin waɗanda ta kai su gadon asibiti da tsanani abin yakan kai 15 cikin 100 ko ma fiye in an makara.

Sai ya tambaye ni wane maganin ciwon jiki muka ba shi daga kemis, na lissafa. Ya girgiza kai ya ce daga yau ban da diklofenak, ban da ibuprofen, ban da asfirin, duk suna ƙara sa jini ya ƙi tsayawa kuma suna wahalar da ƙoda, farasitamol kawai shi ma gwargwado. Allurar ɗuwawu ma ya hana. Ni wannan ya tsaya min a rai sosai, don a ƙauyukanmu da zarar mutum ya ce jikinsa na ciwo abin da ake fara haɗa masa kenan a ƙullin leda, ja da fari da rawaya, ba wanda ya san mene ne a ciki. Ba ina cewa masu kemis mugaye ba ne, da yawansu suna taimako a inda ba likita, amma zazzaɓin da ya sha maganin maleriya da na taifot ya ƙi sauka ya fi ƙarfin kemis, kuma mai allurar da ke yawo gida-gida kansa yake jefawa cikin haɗari.

Yanzu bari in zo kan ƙorafi, don ba zan ɓoye ba. Na farko motar ɗaukar mara lafiya, babu. Dakta ya hana mu ɗora shi a mashin ko mu shiga motar haya da mutane, kuma yana da gaskiya, amma sai da muka yini muna jiran a turo mota daga hedikwatar ƙaramar hukuma, da ta tashi zuwa ma mu muka haɗa kuɗin mai. Mutum yana amai yana galabaita kana kallonsa ta taga ba yadda za ka yi, wannan yinin ba zan so wa kowa irinsa ba. Na biyu wuta, solar da aka sa musu batirinta ya mutu tuntuni sai firjin rigakafi kaɗai ke aiki, da magariba ta yi da fitilar waya aka sa masa ƙarin ruwa, ka duba fa, neman jijiya a hannun wanda ake zargi da Lassa da hasken waya, in allurar ta kuɓuce ta soki ma'aikacin fa? Na uku ruwa, famfon tuƙa-tuƙan da ke harabar ya lalace, dattijo mai gadi ke turo jarkoki a kura. Na huɗu kayan kariya, safar hannu kwali ɗaya ya rage, rigar leda ta kariya guda biyu ce tak a cikin kwaba, Sista da takunkumin yadi ta yi aikin ranar. Wannan ba laifin ma'aikatan ba ne amma dole a faɗa, domin cutar nan ba ta jin kunyar farar riga. Mutanen Kano ba su manta watan Janairun 2020 ba, lokacin da likitoci biyu na Asibitin Malam Aminu Kano suka rasu da Lassa bayan sun yi wa wata mai juna biyu aiki. In babban asibiti irin wannan ta shiga ta yi ɓarna, ina ga ɗan ɗakin da ba ruwa ba wuta.

Wani abin da ya ɗan ɓata min rai kuma, mai gwajin nan ya tsorata ƙwarai, ya tsaya can nesa yana magana da ƙarfi har matan da ke baranda suka ji kalmar Lassa, kafin la'asar labari ya zaga gari. Yaro ne, na fahimci tsoronsa, amma sirrin mara lafiya amana ne, kuma shi ya sa na rage maki ɗayan nan.

A babban asibitin da aka kai shi an ɗebi jini aka tura ɗakin gwaji, don ba kowane asibiti ke iya tabbatar da Lassa ba, wurare ne ƙididdigaggu kamar Irrua a jihar Edo, da Owo a Ondo, da Abakaliki, da babban ɗakin gwajin NCDC a Abuja, da asibitin koyarwa na Bauchi. Sakamako ya ɗauki kwanaki, amma saboda takardar da Dakta ya rubuto dalla-dalla, da tarihin tafiya da alamomin da ya gani da maganin da aka riga aka sha, likitocin can ba su tsaya jira ba suka fara masa ribabirin, maganin da ake bayarwa a Najeriya kan Lassa, wanda aka fi sa ran amfaninsa in an fara shi cikin kwana 6 na farkon ciwo. Wani likita a can da ya karanta takardar cewa ya yi wanda ya rubuto wannan ya san aikinsa. Da sakamako ya fito kuwa Lassa ce.

Mako na biyun nan shi ne mai wuya, kuma duk abin da aka faɗa min a ƙarƙashin dalbejiya sai da na gan shi da idona ta gilashin taga. Fuskarsa ta kumbura har idanun suka ƙanƙance, wuyansa ya yi kauri, numfashi sama-sama, fitsarin da ake aunawa a roba ya koma ɗan kaɗan mai duhu har aka fara maganar ko sai an kai shi wankin ƙoda. A lokacin ne na fara ganin jinin da nake ta jira, kuma ba wani kwarara ba ne irin yadda mutane ke zato, ɗan ja ne a dasashinsa da kan auduga inda aka cire allura ya ƙi tsayawa da wuri. Akwai daren da bai gane ni ba, ina kiran sunansa yana kallon bango yana sambatu, hannunsa na rawa. Innarmu tana gida an hana ta zuwa, in ta kira ni sai in ce da sauƙi Inna a ci gaba da addu'a. Cikin ikon Allah fitsari ya fara dawowa, zazzaɓi ya sauka, kumburi ya saɓe, ranar da ya ce a ba shi koko da ƙosai na fita waje na yi kuka.

Amma ba a nan ta tsaya ba, kuma wannan ma Dakta ya riga ya gaya min in sa ido. Yana cikin samun sauƙi sai na lura in na yi magana ta hagunsa ba ya juyowa, yana cewa kunnen na masa ƙara. Kurumta ce, kuma ba baƙon abu ba ne, wajen mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka tashi daga Lassa suna samun matsalar ji, rabinsu jin yakan ɗan dawo cikin wata 1 zuwa 3, sauran kuma shi kenan. Ba sai ciwon ya yi tsanani ba ma, mai ɗan zazzaɓi sama-sama ma zai iya wayar gari kunne ya toshe. Gashin kansa ya zube wuri-wuri, tafiyarsa ta zama da tangaɗi na ɗan lokaci, waɗannan duk sun wuce, kunnen ne dai har yanzu rabi-rabi. Ni yanzu in na ga wani a ƙauye an ce zazzaɓi ya yi ya tashi ba ya ji, sai in yi ta tunani.

Inda asibitin garinmu ya ƙara burge ni shi ne bayan an tafi da mara lafiya, don a tunanina aikinsu ya ƙare, ashe lokacin ya fara. Dakta da jami'in ƙaramar hukuma suka rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi ko kayansa, mu 'yan gida, abokinsa da ya goyo shi a mashin, mai kemis, har su ma'aikatan kansu, aka ce kwana 21 za a bi mu ana auna zafin jiki safe da yamma. Kuma sun yi, ba a takarda kawai ba, kullum sai ka ji ƙarar mashin ɗin Dakta a ƙofar gida. Katifarsa da zannuwan da amai ya ɓata aka ƙone, ɗakin aka wanke da kulorin. Matar ƙanena tana da tsohon ciki a lokacin, Sista ta zo da kanta ta zaunar da Innarmu ta ce Inna yarinyar nan ita ce abin tsoro, Lassa in ta kama mai ciki a watanni ukun ƙarshe, fiye da 80 cikin 100 ana rasa ɗan ko uwar ko duka biyun, ko ɗumi kaɗan kuka ji a jikinta ko cikin dare ne a buga min. Ta ware mata ɗaki da kwanonta, kullum tana leƙo ta. Alhamdulillahi ba wanda ya kamu, ta sauka lafiya. Da aka sallamo ƙanena kuma Dakta ya keɓe da shi ya yi masa bayanin cewa ƙwayar tana iya zama a maniyyi har wata 3 bayan warkewa, don haka a kiyaye, ya faɗa cikin mutunci ba tare da ya kunyata shi ba.

Ƙyamar mutane kuwa ita ma ciwo ce mai zaman kanta. Innarmu tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ciniki ya tsaya cak, yaranmu aka daina wasa da su, wasu in sun hango ni sai su canza hanya, har aka fara cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, irin abin da aka yi a 2014 lokacin Ebola, wanda bai tsare kowa ba sai ma cutar da masu hawan jini da ya yi. Dakta ya je wajen Mai unguwa da Liman, ranar Juma'a bayan sallah aka ba shi dama ya yi magana, ya ce ba a ɗaukar Lassa ta gaisuwar baki ko zama kusa da mai lafiya, ana ɗauka ne ta abinci ko kayan da fitsari da kashin ɓera suka taɓa, ko ta jini da amai da fitsari da bayan gidan wanda ya riga ya kwanta, ko wajen wankan gawarsa. Ya ce cutar ba baƙuwa ba ce, sunan garin Lassa na jihar Borno ta ci, inda aka fara gano ta a 1969 bayan ta kama ma'aikatan jinya na mishan, kuma kowace shekara da rani take tashi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba suka fi fama, mu kuma Bauchi ga ta nan a bakin ƙofa. Bayan sallar ya zo ƙofar gidanmu a gaban jama'a ya sayi ƙuli ya ci. Wlh wannan ƙulin da ya ci ya fi duk jawabin aiki.

A wajen jawabin ne wani dattijo ya tambaya ko duk ɓera ne, Dakta ya ce wanda aka fi sani da ita wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, yana zama a daji da gida, shi ba ya ciwo amma yana zubar da ƙwayar a fitsarinsa, kuma tunda ba wanda zai tsaya ƙirga nonon ɓera a tsakar dare to a ɗauka duka ne. A rufe abinci, a zuba hatsi a durom ko mazubi mai murfi, a toshe ramuka a ɗaki da gindin rumbu, a daina shanya a bakin kwalta ana barin ta ta kwana, yara su bar farautar ɓera in an ƙona daji, ɓeran da ya mutu kuma kar a ɗauka da hannu.

Na kuma ƙaru da sanin cewa Lassa ba ita kaɗai ba ce a dangin zazzaɓin da kan sa zubar jini. Akwai Ebola da ta shigo Legas a watan Yulin 2014 ta hannun wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti ita ma ta rasa ranta, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu, ita Ebola tafiyarta ta fi sauri da zafi, amai da gudawa ke zuƙe mutum. Akwai wadda kaska ke sawa, mai haɗari ga makiyaya da mahauta masu taɓa jinin dabba. Sai shawara wadda sauro ke kawowa, ita yaudararta daban ce, kwana 3 zuwa 6 bayan cizo zazzaɓi ya zo, ya yi kwana uku ko huɗu ya sauka kamar an warke, sai wasu cikin kwana guda ya dawo musu da ƙarfi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a yi aman jini, kuma rabin waɗanda suka kai wannan matakin ba sa wuce kwana 7 zuwa 10. Amma ita shawara tana da rigakafi, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa yara a wata 9 kyauta, kuma a asibitin namu akwai ta a firjin nan guda ɗaya da ke aiki. Lassa ce dai har yanzu ba ta da allurar rigakafin da aka amince da ita.

To wa zan ba shawarar ya je wurin? Duk wanda ke yankinmu da zazzaɓi, musamman wanda ya sha maganin maleriya ya ƙi sauka, ko ya haɗu da ciwon maƙogwaro da ciwon ƙirji da amai, ko fuska ta fara tashi, ko mai ciki, ya je kuma ya je da safe lokacin da Dakta yake nan da haske, don da yamma ma'aikaci ɗaya ake bari. Ku tafi da kwalayen duk maganin da aka sha, ku faɗi gaskiyar inda aka je ci-rani ko aikin gona ko jana'iza, kar a ɓoye don tsoron killacewa, mutum ɗaya ya riƙa jinya ba gayya ba. Ku riƙe ɗan kuɗin mai a aljihu don in abin ya kai ga turawa gaba ku za ku nemo. Wanda kuma yake nesa da asibiti yana iya kiran layin NCDC na kyauta, 6232.

Ga shugabannin ƙaramar hukuma da kansilanmu da ƙungiyar ci gaban gari kuma, roƙona batirin sola, gyaran famfo, kwalayen safar hannu da rigunan kariya kafin Disamba ta zagayo, da ɗaki ɗaya ko na langa-langa ne a bayan ginin da za a riƙa keɓe wanda ake zargi. Mu matasan unguwa mun riga mun fara karo-karon gyaran famfon, mai gyara ya zo ya duba ya ce roba ce da sanda biyu suka lalace, ran kasuwa mai zuwa za a sayo.